Tarihin Ɗaurin Ƙafar Keke: Daga Coventry Zuwa Gindin Mangwaro

'Yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa ina so mu ɗan jingine zancen goro da shanu, mu waiwayi wata 'yar sana'a wadda kowa ya santa amma ba kowa ya ɗauke ta a bakin komai ba, wato ɗaurin ƙafar keke. Ba faci nake nufi ba, don faci ko yaro ya zauna kwana uku a gindin mai gyara zai iya. Abin da nake nufi shi ne a miƙa wa mutum gargaren ƙarfe tsirara, wanda masu gyara ke kira rim, a haɗa masa da cibiya, wato hob, da damin wayoyi 36, waɗanda wasu ke ce wa sifok, a ce ya mai da su ƙafa wadda za ta ɗauki ƙato da buhunsa ta yi shekaru ba ta yi rawa ba. Wannan aiki yana da tarihi, kuma mutanen da suka ƙago shi sanannu ne da sunayensu da shekarunsu.

Kafin mu yi nisa, mu da muke zaune a Kurmi ya kamata mu sani cewa ita kanta kalmar keke a bakin masu masaukinmu muka aro ta. Yarabawa ne ke cewa keke, kamar yadda amalanke da ashana su ma daga wajensu suka shigo Hausa. Ba abin mamaki ba ne, don kayan Turawa ta bakin teku suka fara sauka, suka bi hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso Badun a 1901, ta kai Kano a 1911.

To, keken farko ba shi da waya ko ɗaya. A 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya ƙera wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu, babu feda, mutum ya hau ya riƙa tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 maƙeran birnin Faris, musamman gidan Michaux, suka liƙa feda a jikin ƙafar gaba. Amma har lokacin ƙafafun irin na keken doki ne: sandunan katako masu kauri daga cibiya zuwa baki, a zagaye da ƙarfe. Irin wannan ƙafa nauyi take dannewa, sandar da ke ƙasa ita ke tokare kaya kamar ginshiƙin rumfa. Saboda haka dole ta yi kauri, in ta yi kauri dole ta yi nauyi. Mutanen Ingila har laƙabi suka yi wa wannan keke da mai girgiza ƙashi, don duk wanda ya hau shi a kan titin dutse ya sauka sai ya ji a jikinsa.

Dabarar da ta warware matsalar ta girmi keken kansa. Tun a 1808 wani Baturen Ingila, George Cayley, wanda ke ta fafutukar ƙera abin da zai tashi sama, ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa yana bukatar ƙafa marar nauyi, kuma hanyar samunta ita ce a yar da sandunan katako, a ɗaure baki da cibiya da igiyoyi a ja su su yi tauri. Tunanin ya kwanta shekaru masu yawa. Sai a 1869 Eugène Meyer a Faris ya yi rajistar ƙafar keke ta waya wadda ake iya ɗaure kowace waya ita kaɗai. Yaƙin Faransa da Jamusawan Furushiya ya ɓarke a 1870, ya durƙusar da masu ƙera keke na Faransa, sai sana'ar ta tsallaka ruwa ta koma birnin Coventry a Ingila.

A nan ne muka gamu da James Starley. Abin da zai ba Bahaushe dariya shi ne, mutumin nan asalinsa maƙerin keken ɗinki ne, a kamfanin keken ɗinki yake aiki lokacin da aka kawo musu samfurin keken hawa daga Faris a 1868. Mu da muke kiran abubuwan biyu da suna guda, ashe ba mu yi kuskure ba, gida ɗaya suka fito. Starley da abokinsa William Hillman suka fitar da keke mai suna Ariel a farkon shekarun 1870, mai ƙafar waya. Wayoyinsa a miƙe suke tsaye daga cibiya zuwa baki kamar hasken rana a zanen yara. Illar wannan tsari ita ce, in mahayi ya taka feda, cibiya takan fara murɗawa kafin baki ya biyo ta, wayoyi su yi ta wahala. A 1874 Starley ya yi rajistar maganin abin: maimakon waya ta fita a tsaye, sai ta fita a karkace daga gefen cibiya, ta gitta 'yan'uwanta, rabi su kalli gaba rabi su kalli baya. Da an taka feda, waɗanda suka kalli baya su ja bakin nan take. Wannan saƙa da kuke gani a ƙafar kowane keke a ƙofar masallaci ita ce ta Starley, shekara 150 ke nan ba a sami abin da ya kore ta ba. Ya rasu a 1881. Ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, shi ya fito da keken Rover a 1885, mai ƙafafu kusan kai ɗaya da sarƙa zuwa baya, wato siffar keken da muka sani. A 1888 kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa tayar iska.

Yanzu bari mu tsaya a kan yadda abin yake aiki, don wanda bai gane wannan ba ko ya shekara goma yana murɗa noti, kame-kame yake yi. Ka ɗauki waya guda ta keke ka tsai da ita a ƙasa ka danna da tafin hannu, nan take za ta lanƙwashe. Amma ka rataye ta ka ɗaura mata buhun masara, za ta riƙe. Ita waya ja ta sani, ba ta san danni ba. To mai ɗauri sai ya ja kowace waya tun kafin a hau, ta yi tauri ƙwarai. A ƙafa ta zamani mai kyau, jan da ke kan waya ɗaya yakan kai kimanin kilo 100, nauyin babban buhu ke nan, ga su kuma 36 kowace tana ja ta nata ɓangare, gargaren yana tsakiya ya rasa inda zai karkata. In mutum ya hau, 'yan wayoyin da suka zo ƙasa a wannan lokaci su ne jansu ke ɗan raguwa, da sun wuce ya dawo. Wani injiniya a Amurka, Jobst Brandt, ya yi littafi sukutum a kan ƙafar keke a 1981, ya nuna da lissafi cewa canjin da ake samu kusan duk a wayoyin ƙasa yake, na sama ba su cika sanin an hau ba. An yi ta gardama da shi a kan ko za a ce ƙafa tana tsaye ne a kan wayoyin ƙasa ko tana rataye a na sama. Ni dai ɗan kasuwa ne, abin da na ɗauka a ciki shi ne: matuƙar wayar ƙasa ba ta saki gaba ɗaya ba, ƙafa tana nan lafiya. Ran da nauyi ya fi jan da aka yi mata, ta saki, to ranar noti zai fara kwancewa da kansa.

Nan ne mutane da yawa suke fahimtar abin a baibai. Sai ka ji mai keke yana cewa kada a ɗaure masa da yawa, wai kada waya ta tsinke. Alhali kuwa sakakkiyar waya ita ce ke saurin tsinkewa. Duk juyi ɗaya ta saki ta kama, ta saki ta kama, daidai gwiwarta inda ta lanƙwasa ta shiga cibiya, kamar yadda kake lanƙwasa murfin gwangwani gaba da baya har ya rabu. Ku duba duk wayar da ta tsinke, galibi a gwiwar nan za ku ga ta karye. Kuma in ɗaya ta tafi aka ƙyale, maƙwabtanta ne za su ɗauki aikinta, ba a jimawa su bi ta.

Mu koma tarihi. Sunan da ya fi kowane shiga kunnen mutanenmu shi ne Raleigh, Rale a bakinmu. Sunan wani titi ne a birnin Nottingham inda wasu mutane ke da ƙaramin shagon ƙera keke tun 1885. Wani lauya mai suna Frank Bowden, wanda ya yi kuɗi a Hong Kong ya dawo gida ba lafiya, likita ya ba shi shawarar hawan keke, ya sayi nasu a 1887, ya ji daɗinsa, daga baya ya sayi shagon ɗungurungum. Kamfanin ya yi ta haɗiye abokan gasarsa, Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen keke na BSA a 1957, kuma a farkon shekarun 1950 yana fitar da keke sama da miliyan ɗaya a shekara. Ɗaurin ƙafa a wannan masana'anta da hannu ake yinsa, kuma mata ne suka fi yawa a wajen zura wayoyin. Tsohon tsarin Ingila shi ne waya 32 a gaba, 40 a baya, saboda baya ke ɗaukar nauyi, kafin daga baya a daidaita a kan 36 gaba da baya don sauƙin kaya. Wanda ke da tsohon Rale a zaure ya ƙirga ya gani.

Nijeriya tana cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, musamman a shekarun 1970. Dattawa za su tuna da hoton tallan nan na mutum a kan Rale zaki ya biyo shi, shi kuwa yana ta dariya. An yi wurin haɗa keke a Zariya, Raleigh kuma ya kafa masana'antarsa a Bompai ta Kano. A ƙasar Ibo da Ibibiyo tun shekarun 1930 da keke ake jigilar manja daga ƙauyuka zuwa wurin awo, garwa-garwa a ɗaure a kariya. A nan Yamma kuwa, kafin motoci su yawaita, yaran masu gida da keke suke shiga ƙauyukan goro na kewayen Shagamu da Agege. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan koli, mai kai saƙo, kowa keke. Har lasin ake yanka masa a wurin En'e a ɗaura masa 'yar lamba.

Duk waɗannan kekuna an yi su ne don titin Ingila da mutum ɗaya da 'yar jakarsa. Da suka zo nan aka ɗora musu huhun goro da garwar manja da goyon mutum biyu, a kan hanyar da ruwa ya zaizaye. Ƙafar baya ita ta fara kuka. Shi ya sa mai ɗaurin waya ya zama dole a kowane zango. Daɗin daɗawa, da kekunan Indiya irin su Hero da Avon da na Sin irin su Phoenix suka shigo, yawancinsu a warwatse suke zuwa cikin akwati, gargare daban, cibiya daban, wayoyi a ɗaure a takarda. Dillali sai ya tara yara a bayan shago su yi ta ɗauri ana biyansu a kan kowace ƙafa. Yawancin gwanayen da muka taso muka gani a irin wannan wuri hannunsu ya faɗa. Babu littafi, babu makaranta, ido ne da kunne da ranƙwashi.

Ga yadda ake koya wa yaro. Da farko ba a ba shi sabon kaya. Tsohuwar ƙafa ake jefa masa a ce ya kwance ta tas, ya jera wayoyin, ya mayar. Cibiya tana da kunne biyu, dama da hagu, kowane da huda 18. Gargare yana da huda 36 ban da ta bawul, kuma in ka duba da kyau hudojin ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya ta ɗan karkata dama, mai bi mata ta karkata hagu. Hudar dama ta wayar kunnen dama ce, ta hagu ta hagu. Yaron da bai lura da wannan ba zai gama aikinsa tsaf a sa shi ya kwance.

Wayoyin kashi huɗu ake raba su, tara-tara. Taran farko a zura su a kunne ɗaya daga waje, ana tsallake huda ɗaya. A ɗauki ta farko a kai ta hudar da ke kusa da bawul, a ɗaura ɗan notinta zagaye biyu ko uku kawai. Ta biyu a tsallake huda uku a gargare a sa ta a ta huɗu, haka har a zagayo. Sai a juya ƙafar a yi wa ɗaya kunnen tara nasa, kowace ta zauna a hudar da ke maƙwabtaka da ta farko. Daga nan a kama cibiya a murɗa ta har wayoyi 18 ɗin nan su kwanta a karkace. Sauran 18 su ake zurawa daga ciki, su nufi ɗaya wajen, kuma a nan ne saƙar take: kowace waya za ta gitta uku, ta bi ta kan biyu, ta shige ƙarƙashin ta uku, sannan ta nemi hudarta. Wannan shi ne gitta uku, wanda aka fi yi wa mai 36. Mai 40 sau da yawa gitta huɗu ake yi mata. Gwani yana gane aikin ɗan koyo daga nesa ta wurin bawul. In an fara daidai, wayoyi biyun da ke gefen bawul za su tsaya kusan a jere su bar fili, bakin famfo ya shiga ba wahala. In an fara a karkace, sai ka ga sun gitta a kansa, mai keke ya yi ta tsaki duk ran da zai sha iska.

Akwai kuma maganar tsawo. Waya in ta gaza da kamar milimita 2, noti ba zai kama ta sosai ba. In ta zarce, kanta zai leƙo ta cikin gargare ya huda tiyub, mai keke ya yi ta kai faci bai san daga ina ɓarnar take ba. Shi ya sa bayan an gama ake bi da yatsa, a goge duk wadda ta leƙo da zarto, sannan a shimfiɗa ƙyalle ko yankin tsohon tiyub a kai. Kauri ma lamba gare shi, kuma lambar a juye take: mai lamba 14 ita ce ta yau da kullum, milimita 2, mai lamba 13 ta fi ta kauri, mai 12 ta fi duka, ita masu dakon kaya ke nema.

Zura waya dai yaro mai kai zai iya a mako guda. Inda ake shekara ana koyo shi ne daidaitawa. Ƙa'idar farko, kada a yi gaggawar ɗaurewa. Ana bin kowane noti a murɗa shi har zaren waya ya ɓace daidai bakinsa, duka su zama kai ɗaya. Sannan a fara daga bawul, don kada a manta inda aka tsaya, a ba kowane zagaye ɗaya, a sake zagayowa, a hankali har ƙafa ta fara tauri. Masu kuɗi a Turai suna da wata maɗora ta musamman da agogon awo. Namu kuwa kife keke suke yi a kan sirdi, su sa ƙafar a mazauninta, su kafa babban yatsa ko guntun alli a jikin ƙarfen, su juya. Duk inda gargare ya taɓa allin ya bar shaida.

Rawa iri biyu ce. Akwai ta gefe, inda ƙafa ke kaɗa kai dama da hagu. In ta karkata hagu a wani wuri, sai a ƙara wa wayoyin dama na wurin, a ɗan sassauta na hagu. Akwai kuma ta tsalle, inda gargare ya yi tudu ko kwari, mahayi ya riƙa jin kamar yana kan raƙumi. In tudu ne a ɗaure dama da hagu tare, in kwari ne a sassauta su tare. Kuma murɗin ba ya wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, wani lokaci ma rabin rubu'i. Abin da ke rikita kowane ɗan koyo shi ne, noti ta cikin gargare yake shigowa, saboda haka in kana kallonsa ta wajen cibiya, hannun da ka saba ɗaurewa da shi kwancewa yake yi. Sai ka ga yaro yana gumi, yana gyara tana ƙara lalacewa, maigida yana kallonsa ta wutsiyar ido bai ce komai ba.

Wace rawa ce ta fi muni? Ya danganta da birki. Tsohon keke mai birkin sanda, irin Rale da Phoenix masu ƙafa inci 28, robar birkinsa daga ƙasa take jawo cikin gargare, don haka in ƙafa tana tsalle birki zai riƙa kamawa yana saki. Keken zamani mai birkin waya kuwa gefe yake matsewa, shi rawar gefe ce ba ya so. Bayan wannan akwai zaman tsakiya. Ƙafa tana iya miƙewa sarai amma duk ta koma ɓangare ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne, a cire ta a juya ta a mayar, in tazarar da ke tsakaninta da ƙarfen ta canja to ba ta zauna tsakiya ba. A keke mai giya da yawa, ƙafar baya dole wayoyin ɓangaren sarƙa su fi na ɗaya ɓangaren tauri, haka aka gina ta, kada wani ya ce zai daidaita su.

A ganina, abin da ya raba gwani da mai neman na abinci shi ne kunne. Ana iya miƙar da ƙafa ta yi kyau a ido alhali wata waya ta yi tauri kamar za ta tsage, ta kusa da ita kuwa tana lilo. Irin wannan ƙafa mako biyu ta yi yawa ta koma gidan jiya. Gwani yakan bi wayoyin ɓangare ɗaya yana ƙyasta su da farce yana saurare, kamar mai kalangu yana gwada tsarkiya. Mai tauri muryarta siririya, sakakkiya muryarta a dishe. Sai ya rage wa wannan ya ƙara wa waccan har muryoyin su zo kusa, kuma ƙafar ba ta karkace ba. Daga ƙarshe ya kama wayoyi biyu-biyu ya matse su da iyakar ƙarfin hannunsa, ya zagaye ƙafar duka, don kowace ta zauna a mazauninta, ya sake dubawa. In ka karɓi sabon ɗauri ka hau ka ji yana ƙas-ƙas a taku na farko, wayoyi ne da suka murɗe suke warwarewa, alamar an tsallake wannan mataki ke nan.

Mu na kudu muna da ƙarin matsala wadda 'yan'uwanmu na Arewa ba su cika fama da ita ba, wato damina mai tsawo da raɓa. Tsatsa takan kama zaren waya ta liƙe shi da noti, ka zo murɗawa kan notin ya cinye ko wayar ta tsinke. Dalili ke nan da ya sa tun asali ake yin noti da tagulla, kuma masu ɗaurin kirki suke ɗiga mai a zare kafin su fara. Masu ɗaurin Turai na da man 'ya'yan kitani suke sawa, don yana santsi lokacin aiki, in ya bushe kuma ya riƙe. Namu baƙin mai suke samu, shi ma ya fi babu. Wanda kuma ya ɗauko guduma zai miƙar maka da gargare alhali bai sassauta waya ba, karɓi kekenka ka yi gaba.

To me ya kashe kasuwar? Abubuwa ne suka taru. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikata da yawa suka koma babur. Matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari a 1982 suka taƙaita shigo da kaya, SAP ta zo a 1986 naira ta faɗi, kayan Ingila suka fi ƙarfin talaka. Daga ƙarshen shekarun 1980 acaba, wadda a nan ake kira okada, ta cika gari, yaran da za su zauna koyon gyaran keke suka ga kuɗin yini a kan babur ya fi. A can Turai ma injuna suka karɓi aikin, inji ya zura waya ya ɗaure ya daidaita cikin 'yan mintoci, shi kansa Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham a 2002. Kekunan gwanjo suka shigo da ƙafafun alminiyam iri-iri, kowace da tsawon wayarta, sai ya zama in ƙafa ta lalace sauƙin abin a sayi wata tsohuwa a maƙala. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su koma keke, har shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja, mota ta ture shi cikin kwata, mutane suka mai da abin raha.

Amma keke bai mutu ba. Da aka hana hawa babur a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, garin ya koma keke, masu gyara suka samu aiki. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa a garuruwa suka kakkaɓe kekunan da suka jingine. Kuma har gobe a Turai da Amurka, masu tseren keke da masu doguwar tafiya da kaya sukan biya kuɗi mai yawa a ɗaura musu ƙafa da hannu, saboda inji yana iya miƙarwa amma bai cika daidaita jan wayoyi kamar hannun gwani ba. Ita wannan dabara kuma ba ta tsaya a keke ba. Ƙafar babur mai waya da keken guragu duk saƙa ɗaya ce, wanda ya iya ɗaya ya kama hanyar sauran.

Ga mai burodi ko mai kai ruwan leda ko mai tallan yadi a cikinmu, wanda jarinsa kaf yana kan kariya, ƙafar baya in ta karye a hanya cinikin ranar ya tafi, wani lokaci har da kayan. Saboda haka in ka kai ɗauri ka zo karɓa, kada ka tsaya a kallon juyawarta kawai. Kama wayoyi biyu-biyu ka matsa ka ji ko akwai mai lilo. Ƙyasta na ɓangare ɗaya ka saurara. Duba fili a wurin bawul, ka sa a cire taya ka shafa cikin gargare da yatsa. In an canja maka waya ɗaya ta sake tsinkewa, aka canja wata ita ma ta tafi, to sauran ma sun gaji, gara a zubar da su duka a yi sabon ɗauri da mai lamba 13, in hudar cibiyarka za ta karɓe ta. Bayan mako biyu da fara ɗora kaya ka mayar a sake dubawa, mai ɗaurin kirki ba ya karɓar kuɗin wannan.